Guzurin Komowar Gasmalla

Gasmalla ɗan Attom shi ne mai kula da injin ban ruwa na Hillatu Salim, ƙauyen nan da yake kan gaɓar yamma ta kogin Shuɗin Nilu, kudu da birnin Madani. Shi yake tayar da injin ya ɗebo ruwa zuwa gonakin lemo da ayaba, shi yake kashe shi idan gona ta ƙoshi. Yanzu furfura ta cika masa gemu, gwiwarsa ta hagu kuma tana damunsa idan sanyi ya shigo. Baƙon da ya gan shi cikin riga mai baƙin mai ba zai taɓa zaton wannan ne ya riƙe kambin iyon nisa na lardinmu shekara da shekaru tun gemun bai tsiro ba. Na koyar da shi lissafi a makarantar tsakiya, ban kuwa taɓa ganin ya yi gaggawar wani abu ba, ko da fita cin abincin hantsi ne.

Gonakin mutanen Hillatu Salim a tsallaken kogi suke. Manya su haye a kwalekwale, yara su haye da iyo. Gaɓar ƙauyen tsaye take kamar katanga, ƙasarta kuma mai zabtarewa ce, saboda haka wurin fita mai kyau ɗaya ne tak, mashigin da yake ƙarƙashin wata tsohuwar bagaruwa. Idan ruwa ya wuce da mutum wannan mashigi, sai ya ci gaba da iyo mai nisa kafin ya sami inda zai kama. Shi ya sa mutanen garin suke cewa wanda ya iso gaɓa da ƙarfinsa a ƙare bai iso ba tukuna. Dole ne kowane mai shiga ruwa ya rage wani abu a jikinsa wanda ba zai taɓa ba, suna kiransa guzurin komowa.

Suna da hanyar bincikar wannan guzuri. Dattawa ba sa rabuwa da gindin bagaruwar, kuma duk yaron da ya fito daga ruwa sai ya tsaya a gabansu ya yi gaisuwa cikakkiya, tun ruwa yana zuba daga jikinsa. Idan numfashi ya yanke masa magana, an kama shi.

Gasmalla yana da shekara bakwai aka kama shi. Ya yi tsere da wani ɗan maƙwabtansu, ya riga shi fitowa, ya tarar da Alhaji Annur, babban dattijon mashigin, yana tufkar igiya.

"Ɗan Attom, lafiya?"

"Lafiya... lau, Baba Alhaji."

"Yaya ruwa?"

"Da... sauƙi."

"To, ka ce da sauƙi, ga shi kana haki kamar jakin da aka ɗora wa dutsen niƙa. Mutanen tsallake fa, ba su aiko da gaisuwa ba?"

Yaron ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Alhaji Annur ya ajiye igiyarsa, ya karyo tsumagiya, ya yi masa abin da ake yi, sannan ya hana shi kogi har mako ya zagayo. Da ya koma gida yana kuka, mahaifiyarsa Sittana ta tambayi dalili, da ta ji sai ta ƙara masa. Tun daga ranar ba a sake jin numfashinsa ya katse masa gaisuwa ba.

Wanda ya gano shi wani tsohon ɗan iyo ne mai suna Mirgani, ma'aikacin jirgin ƙasa a Madani, wanda kowa yake kira Kaftin saboda yana horar da samari. Biki ne ya kawo shi ƙauyen. Yana tsaye a kan gaɓa sai ya hangi wani yaro yana janyo kwalekwalen da ya tsinke, igiya a bakinsa, yana tahowa a karkace, ba ya faɗa da ruwan, ba ya kuma bari ruwan ya tafi da shi. Ya tambayi mai kwalekwalen, aka nuna masa Dafalla, ƙanen Sittana.

"Ɗan wane ne wancan?"

"Ɗan yayata ne. Ya yi maka wani abu?"

"So nake a ba ni shi in koya masa iyo."

Dafalla ya dube shi daga rawani har takalmi. "Kaftin, iyo ma har koyar da shi ake yi a Madani? To, gobe sai ku buɗe makarantar cin gurasar kisra, in kawo muku nawa 'ya'yan."

Duk da haka aka ba shi yaron, ranar Alhamis da Jumma'a. Yana da shekara goma sha uku a lokacin. Kaftin ya tarar yana iyo da kai a sama, domin haka yaran ƙauyen suke yi saboda suna ɗora tufafinsu a ka. Ya kwantar da shi rub da ciki, ya nutsa masa fuska cikin ruwa, ya koya masa saran ruwa da hannu ɗaya bayan ɗaya, da juya kai gefe a shaƙi iska ba tare da an ɗaga shi ba. Wata uku ya isa. Bayan nan abin da ya rage kawai shi ne nisa, nisa kuwa ba baƙonsa ba ne.

A wancan zamani, farkon shekarun 1980, gasar kogi babban taro ce a lardinmu. Ana sakin 'yan iyo bayan sallar asuba daga can sama, kowanne da kwalekwalen da yake raka shi, su biyo ruwa har Madani, rana ta yi tsaka kafin na farko ya iso. Dafalla ne yake tuƙa kwalekwalen ɗan 'yar'uwarsa. Shi yake nemo masa jijiyar ruwa mai gudu, shi yake miƙa masa shayi da dakakken dabino a kofi ɗaure a bakin gora, domin doka ta hana ɗan iyo taɓa jirgi ko mutum.

Gasmalla ya ci gasar matasa yana da shekara goma sha huɗu. Shekarar da ta biyo baya aka sa shi cikin manya, ya ci, ya kuma sake ci a ta gaba. Salon cinsa ɗaya ne kullum. Ba ya shiga gaba da wuri. 'Yan birni su fita da zafi, su yi masa nisa har a daina ganin hulunansu, shi kuwa yana sara yadda ya faro, bai ƙara ba, bai rage ba. Idan rana ta ɗaga sai ya riƙa tsintar su ɗaya bayan ɗaya, wani cinyarsa ta ɗaure, wani ya kama jirgi ya haƙura. Da ya iso sai ya taka ya fito da ƙafarsa, ya bi manyan baƙi da gaisuwa, ya tambayi kawunsa ko akwai sauran wake a tukunya. A kogi, abin da aka dasa masa a gindin bagaruwa shi ne makaminsa, ba wanda ya ga aibi a ciki, har Kaftin.

Yana cikin shekara ta goma sha bakwai Kaftin ya zo ƙauyen da labari. Za a tura matashi ɗaya Alƙahira ya wakilci ƙasa a iyon mita dubu ɗaya da ɗari biyar. Ba a kogi za a yi ba, a tafkin siminti ne irin na birni. Sai wanda bai cika goma sha takwas ba, wato Gasmalla yana da wannan dama sau ɗaya, ba ta biyu. Za a yi zaɓen da tsere guda a Khartum bayan Babbar Salla, wanda ya riga taɓa bango shi zai tafi.

Kofunan da ya ci a baya ba su taɓa ɗaɗa shi da ƙasa ba, Sittana ma cikin ɗaya take ajiye allura da zare. Wannan kuwa ya shiga ransa. Ya same ni bayan an tashi daga makaranta ya ce in nuna masa Alƙahira a taswira. Ya ɗora yatsa a kan Madani, ya bi shuɗin layin har arewa.

"Ustaz, ruwan da yake wucewa ta bayan gidanmu shi ne wannan?"

Na ce shi ne.

"To, ina so in je in ga yadda yake komawa a can."

Kaftin ya samo izinin amfani da tafkin wani kulob na ma'aikatan auduga a Madani, da sassafe kafin masu wurin su zo. Wahalar farko juyawa ce a jikin bango. Yaron da bai taɓa iyo a ruwa mai iyaka ba sai ya riƙa isa bango ya tsaya kamar mai neman izinin shiga gida. Da ya iya tuntsurawa ya doki bangon da ƙafa, lokacinsa ya gyaru ƙwarai. Amma akwai abin da yake damun Kaftin, bai kuma gane shi ba sai wata safiya da yaron ya gama tsawon tseren duka, ya fito ya ce, "Kaftin, ina kwana? Na ga ɗazu kana ta ɗingishi, ƙafar ce?"

Kaftin ya dubi agogon da yake rataye a wuyansa, ya dubi ƙirjin yaron.

"Kai, zo nan. Ka gaji?"

"Kaɗan."

"Za ka iya sake yin wani yanzu?"

"In ka ce in yi."

"Ban ce ba, tambayarka nake. Wannan ƙarfin da ka fito da shi, wa za ka kai wa? Kakarka?"

"Guzurin komowa ne, Kaftin."

"Komowa ina? Ga bango nan, ga tsani nan, ga ni tsaye. A nan wanda ya fito da saura ya yi asara. So nake ranar tseren nan a ɗauke ka a kwance."

Gasmalla ya ce to. Ya kuwa yi nufin cikawa, domin ba yaro ne mai musu ba. Sai dai kowace safiya abu ɗaya ne. Kaftin ya yi masa tsawa, ya ƙara sauri kaɗan, ya fito numfashinsa daidai. Kaftin ya gwada ruɗa shi da ƙirge, ya ce saura biyu alhali saura shida, ko zai saki jiki da wuri. Yaron ya yi biyun, aka ce ya ci gaba, ya ci gaba ba tare da wata wahala ba, domin ko a biyun bai saki komai ba. Ya sa samari uku su riƙa karɓeɓeniya suna tsere da shi, duk ya gajiyar da su, shi bai gaji ba.

Da dabara ta ƙare wa Kaftin, ya je ya ɗauko Dafalla ya kawo shi bakin tafkin. Dafalla ya zagaya shi, ya tsuguna ya leƙa har ƙasa, ya sa yatsa ya ɗanɗana ya tofar.

"Wannan ne ruwan? Ɗan 'yar'uwa, wannan ko ɗan akuya ba zai ci ba. Kwano ne fa. Ka ƙarar da duk abin da kake da shi, in ka nutse ni zan tsamo ka da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da shayina."

"Na ji, Kawu."

"Kullum ka ji. Uwarka ma ta ce in gaya maka ta yafe maka riƙe guzurin a ranar tseren."

Maganar ta kai har gindin bagaruwa. Dattawa suka yi ta muhawara a kai, wasu suna cewa abin da aka saba a ruwa ba a karya shi ko a cikin randa. A ƙarshe Alhaji Annur, wanda a lokacin ido ya soma yi masa rauni, ya sa aka kira yaron.

"Ɗan Attom, an ce wai gaisuwata ce take hana ka zuwa Masar."

"Ba haka ba ne, Baba Alhaji."

"Ko haka ne ko ba haka ba, na ɗauke maka ta kwana ɗaya. Ka je ka yi haki a Khartum, can ba wanda ya san ubanka. Amma in ka dawo, ka dawo mini da hankalinka."

Suka tafi su uku a jirgin ƙasa, Kaftin da Dafalla da yaron. Ranar tseren da la'asar aka jera samari takwas a bakin tafki. Shida daga cikinsu Gasmalla bai damu da su ba, sai na layin da yake kusa da nasa, wani siriri mai suna Mu'utasim, ɗan wani likita, wanda a cikin irin wannan ruwa ya tashi, bai kuma taɓa shiga kogi ba. Za su yi tsawon tafkin sau talatin.

Aka busa usur. Tun kafin a kai rabi sauran shida sun zama 'yan rakiya. Mu'utasim yana gaba da kamar tsawon mutum biyu, Gasmalla yana biye, yana sara yadda ya saba. Kowane juyi sai ɗan birnin ya ƙara tazara, domin ya fi shi iya bango, kowane tsakiya kuma sai Gasmalla ya cinye abin da aka ƙara. Da aka shiga goman ƙarshe hannun Mu'utasim ya soma gajarta, kansa ya soma rawa. Gasmalla ya kamo ƙafarsa, ya kamo ƙugunsa, ya kamo kafaɗarsa. A kogi a nan ne abokin tsere yake haƙura. Mu'utasim bai haƙura ba. Bai san wani wurin fita da za a iya wucewa ba, bai san gaɓa mai zabtarewa ba, abin da ya sani kawai bango yana nan inda ya bar shi. Ya zuba duk abin da ya rage masa, yana dukan ruwa ba tsari.

Kaftin yana bin gefen tafkin da gudu yana kaɗa tawul. Dafalla ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, ya tsaya a ƙarshen layin yana kiran sunan yaron da sunan uwarsa. Gasmalla ya ji su, ya kuma ƙara sauri, kowa ya ga ya ƙara. Amma saransa bai lalace ba ko kaɗan, yana nan tsaf kamar yadda aka koya masa. Suka nufo bango kai da kai. Hannun Mu'utasim ya riga nasa da abin da bai kai kamu ɗaya ba.

Mu'utasim bai iya fita ba. Ya rataya a igiyar layi yana amai, sai da mutum biyu suka kama shi ta hammata suka ja shi waje, suka kwantar. Gasmalla ya dafa bakin tafkin ya ɗago jikinsa ya fito, bai ko lura da hannun da kawunsa ya miƙo ba. Da ya miƙe sai ya ga kansa a gaban mai riƙe agogon layinsa, wani dattijo mai farar riga da farin rawani, zaune a kujera.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da la'asar."

Dattijon ya ɗago a ruɗe. "Wa alaikumus salamu. Barka, yaro."

"An wuni lafiya? Yaya iyali, yaya zafin nan? Allah ya sa ba mu jiƙa maka riga ba."

"Lafiya lau. Sannu da ƙoƙari. Kai ne na biyu."

"Na gani, Baba. Allah ya saka da alheri."

Kaftin yana tsaye a bayansa, tawul a hannu, yana jin kowace kalma tana fitowa cikakkiya. Ya ninke tawul ɗin, ya ajiye a kan kujera, ya fita daga wurin.

A jirgin komawa Dafalla ya kwance ƙunshin burodi da ƙosan wake ya shimfiɗa a tsakaninsu. Kaftin ya juya fuska ga taga. Sun wuce tasha biyu kafin ya yi magana, bai kuma juyo ba.

"Da ka ci shi."

"Na sani, Kaftin."

"Ba da ƙyar ba. Da tsawon mutum uku za ka ci shi."

"Na sani."

"To, me ya hana ka? An yafe maka, an ɗauke maka, ga kawunka ya tuɓe takalmi kamar mahaukaci a gaban manyan mutane."

"Takalmin sabo ne," in ji Dafalla. "Ci abinci, Kaftin. Shekara goma ana kitsa abu, kai kana so ka tsefe shi a wata biyu. Ko gashin amarya ya fi haka ɗaukar lokaci."

Kaftin bai ci ba. Yaron ma bai ci ba, wannan ne kuma karo na farko da Dafalla ya ga ya bar abinci bayan tsere.

Mu'utasim ya tafi Alƙahira, ya zo na biyar, ya dawo ya shiga karatun likita kamar mahaifinsa. Gasmalla ya cika goma sha takwas da damina. Ya sake shiga gasar kogi sau biyu, ya ci duka biyun, Kaftin yana cikin kwalekwale tare da Dafalla suna ta gardama a kan inda ruwa ya fi gudu. Zancen tafkin siminti bai sake tasowa tsakaninsu ba. Bayan nan ciwo ya kwantar da mahaifinsa Attom, manoman ƙauyen suka haɗa hannu suka sayi inji, aka nemi wanda zai kula da shi, Gasmalla ya karɓa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyar. Gasar kogin ma daga baya ta ja da baya har aka daina. Bai taɓa zuwa arewa da Khartum ba.

Bayan na ajiye aiki nakan je wurin injin in zauna a inuwar rumfarsa. Wata rana yana wanke matatar mai a cikin kwano na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya, ko da gangan ya riƙe ƙarfinsa a ranar.

Ya goge hannu da tsumma.

"Ustaz, wallahi na ba da duk abin da na ga ina da shi. Na laluba ban sami komai ba. Sai da na tsaya a gaban dattijon nan, na ji bakina yana tambayarsa iyali, sannan na san ashe akwai saura."

"Ya yi maka ciwo?"

"Ya yi. Har yanzu in na tuna yakan yi." Ya ɗaga matatar ya duba ta a hasken rana. "Wannan ta mutu, sai an sayo wata a Madani. Matsa da kujerarka baya kaɗan, Ustaz, zan tayar da shi haka nan, hayaƙi zai yi yawa."